Sallar da muka yi a tsakar gida

Saura mako guda a kama azumi na sami maigidan bayan isha'i yana sauraron rediyo, na zauna na ce ina da magana. Na ce, "Malam, ƙaramar sallar bana ina so mu yi ta a gida, mu da yara da Hajiya, ba fita." Ya rage sautin rediyon ya dube ni, ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To 'yan'uwa fa? Kada a ce mun yanke zumunci."

Ya san abin da ya sa na faɗi haka. Sallar bara, wadda ta faɗo ranar Laraba 10 ga Afrilu 2024, ƙarfe biyu na dare na ɗora tukunya, kuma har aka sauko idi ina gaban murhu. Kayan yara biyu sai da safiyar sallah suka fito daga wurin tela, ɗaya ko maɓalli babu. Daga azahar muka fita yawon sallah, gida tara a yini ɗaya: daga nan Tudun Wada zuwa cikin birni, daga birni zuwa Sabon Gari, mu miƙa Samaru, mu juyo Wusasa. Duk gidan da muka shiga ba mu gama gaisawa ba mun miƙe. A cunkoson Ƙofar Doka kaɗai mun fi rabin awa a cikin keke, rana na dukan mu, Auta na kuka a kafaɗata, da dare kuwa ta kwana da zazzaɓi. Muna shigowa gida 'yata mai bi wa babban ta cire takalminta da ya ji mata ciwo, ta ce, "Umma, mu yaushe za mu yi tamu sallar?" Shekara guda maganar nan tana raina.

Abin da muka fara yi shi ne neman yardar manya. Hajiya, mahaifiyar maigidan, tare muke zaune tun bayan rasuwar Baba, don haka ita muka fara samu. Ta ce, "Ni da ma kuna fita ku bar ni da kwanuka da kaji. Ku zauna ku taya ni hira." A makon farko na azumi na je gidanmu a Sabon Gari na yi wa Abba bayani, ina ɗar-ɗar. Ya ce, "Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma wa ya ce sai an yi shi duka a rana ɗaya? Shawwal wata guda ne cur." Muka tsara cewa za mu riƙa zuwa gida ɗaya a yini bayan sallah, mu zauna a ci a sha a yi hira sosai. Sauran dangi maigidan ya bi su da waya.

Ɗinki kala ɗaya-ɗaya muka yi wa kowa maimakon uku da muka saba, kuma tun kafin a ga watan azumi aka kai. Zariya garin maɗinka ne. Wanda ya ratsa lungunan birni ya san da wuya ka wuce zaure uku ba ka ji ƙarar keken ɗinki ba, ko ka ga mutum ya duƙufa da allura a kan wuyan babbar riga. Amma a goman ƙarshe bayin Allahn nan ba sa barci, kuma a ganina rabin laifin saɓa alkawari namu ne, mu da ke jibga musu yadi saura kwana biyar mu ce lallai sai ranar sallah. Bana azumi na goma sha biyu aka karɓo kayanmu, na goge na ninke na sa a akwati, na cire wannan daga lissafi.

Lissafin kwanakin ma bai ba mu wahala ba, domin 1 ga Ramadan 1446 ta zo daidai da 1 ga Maris 2025, ranar Asabar, sai kwanan wata ya zama shi ne kwanan azumi. Na ɗauki takarda na raba ayyukan da suka rage, aiki ɗaya a rana, kuma da safe kawai, saboda zafin ƙarshen Maris ba ya barin mai azumi ya tsaya gaban wuta da rana, dare kuwa na ibada ne.

Ranar ashirin da shida muka yi cincin, bayan asuba da ɗan sanyin safiya. Da, korar yara nake yi daga madafa don kada su ɓata min lokaci. Bana na shimfiɗa babbar tabarma na ba kowa aikinsa. Babban, mai shekara goma sha biyu, shi ya murza fulawa da bota har ta yi wara-wara kamar yashi, na zuba sukari da madara da ƙwai da 'yar gyaɗar ƙamshi, muka kwaɓa. 'Yata mai shekara tara ta riƙe kwalbar murzawa. Ƙaninta mai shekara shida na ba shi wuƙar da ba ta da kaifi, ya yanka nasa yadda ya ga dama, wani kamar wata, wani kamar ƙafar kaza, wani ya ce doki ne. Da na kai hannu zan gyara sai na fasa, na soya masa su daban a ƙarshe na zuba a gwangwaninsa. Tun da duk muna azumi, Auta mai shekara uku aka naɗa mai ɗanɗano. Ana tsamo na farko aka fifita mata, duk muka zuba mata ido, ta tauna ta haɗiye ta miƙo hannu. Hajiya ta ce daga ƙofar ɗakinta, "To, sukari ya ji."

Abin da ya fi shiga raina a duk shirin shi ne awon zakkar fidda kai, ranar Juma'a ashirin da takwas. A shekarun baya maigidan ke aunawa shi kaɗai ya fita da ita, yara ba su ma san an yi ba. Bana ya sa aka fito da buhun masara tsakar gida bayan la'asar ya tara mu. Mu bakwai ne a gidan, kowane mutum sa'i ɗaya, wato mudu huɗu da mudun Annabi, jimla mudu ashirin da takwas. Ya riƙa kiran sunan kowa kafin ya auna nasa, ya fara da Hajiya, yara na ƙirgawa da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Mai shekara shidan ya ce shi da hannunsa zai ɗebi nasa. Uban ya haɗa tafukansa biyu ya cika su da masara ya nuna masa, ya ce mudun da ake nufi cikin tafi biyu ne na mutum matsakaici, in aka auna da nasa ƙananan hannun za a tauye wa mai karɓa haƙƙinsa. Yaron ya yi shiru, sannan ya sa hannuwansa a ƙarƙashin na uban, suka juye tare. Babban ya tambaya me ya sa ba za a bari sai bayan sallah ba. Aka ce masa dole ta isa hannun mabuƙaci kafin a yi sallar idi, don shi ma ya kwana da sanin akwai abin ɗorawa a gidansa. Bayan an sha ruwa shi ya ɗauki ƙullin ya bi uban. Da ya dawo na tambaye shi ina suka kai, ya ce, "Abba ya ce ba a faɗa."

Kitso a gida aka yi shi, 'yar maƙwabta ta shigo ta yi wa 'yan matan ƙananan shuku. Lalle kuwa Hajiya ta ce nata ne. Ta kwaɓa jan lalle da ruwan lemun tsami da ɗan sukari ta ajiye ya tsumu, ta hana a kawo baƙin nan na kanti don ta taɓa ganin yadda ya ƙona fatar wata jikarta. Tana shafa wa 'yata tana ce mata kishiya, tana ba ta labarin zunguru, doguwar ƙwaryar da suke zura hannu a ciki suna 'yan mata, su yini da ita a rataye har lallen ya kama. Auta ba ta iya zama ba, ta dangwala nata a bango. Tabon yana nan har yau kusa da randa, ban kankare ba.

Asabar ashirin da tara ita ce ranar da ba ka san inda za ta faɗi ba, ko gobe sallah ko a cika talatin. Na jiƙa shinkafar tuwo tun safe, na dafa kaɗan daga ciki na haɗa, aka kai inji da la'asar tun kafin layi ya taru. Na ce in an ga wata, alhamdu lillahi, in ba a gani ba mu yi sahur da buɗa-baki da waina. Yis ɗin kawai na riƙe ban sa ba, domin a irin wannan zafi ƙullu ba ya jira, in ya daɗe sai ya yi tsami ya zube. Bayan isha'i muna zaune kewaye da rediyo aka sanar daga Sakkwato cewa Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya tabbatar da ganin jinjirin watan Shawwal. Kafin mai karanta labarin ya rufe baki unguwa ta kaure da ihun yara, "Gobe sallah! Gobe sallah!" Namu ma suka fita ƙofar gida suka yi nasu suka dawo.

A daren na yi miyar taushe, tukunya ɗaya tak. Na dafa nama da ƙashi mai ɓargo, na sa kabewa ta narke na dame ta, na zuba jajjagen tattasai da attarugu da albasa, da daddawa, da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Alayyahu da yakuwa na bar su a yanke sai da safe, don kada su kwana a wuta su yi baƙi. Na dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba na tace. Na sa wa ƙullu yis na rufe. Ƙarfe goma sha ɗaya ina kwance. Na yanke shawara tun farko cewa miya ɗaya za ta yi wa waina ta yi wa tuwo, ba shinkafa kala-kala, ba farfesu, ba soye-soye, kuma babu wanda ya tashi da yunwa.

Da asuba na buɗe ƙullu ya taso har bakin roba yana ƙananan ƙofofi. Na sa gishiri da sukari da ɗan ruwan kanwa, na buga shi, na ɗora tanda. 'Yata ce ke ɗiga mai a kowane gurbi da cokali, ni ina zubawa ina juyawa da tsinke. Tanda ta farko kullum sai ta kama, wannan na ba kaji. Daga ta biyu suka fara fitowa fari tas a tsakiya, gefe ja. Kafin rana ta ɗaga mun cika kula biyu, tuwo na kwashe. Aka yi wanka, aka sa sababbin kaya, aka yi turare, maigidan ya raba wa kowa dabino uku-uku kafin a fita, kamar yadda sunna ta koyar a ƙaramar sallah.

Shi da mazan suka taka a ƙafa zuwa filin idi na Ƙofar Doka, ni da 'yata muka je na kusa da mu, Auta ta zauna da Hajiya. Rabon da in tsaya a sahun idi har na manta. Da liman ya ɗaga kabbara sai na ji hawaye, na bar su suka zubo. Mazan suka dawo ta wata hanyar daban da wadda suka bi, ba su tsaya jiran dawakai ba. Ƙaramin ya shigo yana haki yana ba Hajiya rahoto: ya ƙirga kabbara bakwai a raka'ar farko, shida a ta biyu, kuma ya hango laimar Sarki daga kan kafaɗar Abba. Hajiya ta ce, "Sannu maigidana, ina goron sallata?" Ya ciro cincin ɗinsa mai kamar doki ya ba ta.

Suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya suka yi mata barka da sallah, ta sa musu albarka, ta kwance bakin zaninta ta ba kowa sabuwar naira ɗari biyu. Sai rabon tuwon sallah. Gida shida muka kai wa, duk a layinmu, yara na ɗauka bibbiyu suna dawowa. Kwano ba ya dawowa haka nan: wani da dambu, wani da alkaki, wani da shinkafa da miya. Har da gidan maƙwabciyarmu Kirista, wadda duk Kirsimeti kularta ke fara shigowa gidan nan. Ta riƙe 'yata ta duba lallenta, ta aiko min da gaisuwa da lemo.

Ƙarfe goma sha biyu na ce kowa ya tuɓe sabon kaya a rataye, a sa na shan iska. An ɗauke wuta, ɗaki ya zama tanda, sai muka ja tabarmi gindin darbejiyar da ke tsakar gida. Muka ci a tire ɗaya, Auta na tsoma waina a zoɓo ba wanda ya hana ta. Bayan azahar gidan ya yi tsit. Na kwanta da niyyar miƙe baya, ban farka ba sai da na ji kiran la'asar. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa barcin rana ranar sallah ba sai bana.

Ba duka ne ya tafi sumul ba. Babban ya kumbura fuska tun bayan cin abinci, don abokansa sun wuce kallon hawa a ƙofar fada shi yana gida. Na ga uzurinsa, yaro ɗan shekara goma sha biyu a Zariya a ce ga dawakai can ana sukuwa. Uban ya kira shi gefe ya yi masa alkawarin zai kai shi Hawan Daushe su biyu kaɗai, sannan ya ce, "Yau kuma kai ne za ka shirya mana namu hawan." Da farko ya noƙe. Can sai na gan shi ya zagaya bayan gida inda muke tara karan dawa.

Ya zaɓo dogaye masu kauri, ya lanƙwasa kan kowanne ya zama wuyan doki, ya tsaga ɓawon kara ya soka kunnuwa, ya yi linzami da yankin atamfar da ta rage. Kafin ya gama na huɗu yaran maƙwabta sun leƙo, aka ce su shigo, dawakai suka zama tara. Aka ɗora Hajiya a kujera a bakin rumfa, aka ce ita ce Sarki, 'yata ta riƙe mata lema tana juyawa. Mai shekara shidan ya naɗa jan tawul ya ce shi dogari ne. Wani yaro ya naɗe kwali ya yi kakaki, maigidan ya kifa bokiti yana kiɗa. Kafin a fara ya zaunar da su ya gaya musu gidajen sarautar Zazzau huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, ya ce Sarki na yanzu, Ahmed Nuhu Bamalli, daga gidan Mallawa yake, an naɗa shi a 2020. Ya ce shi kuwa duk hawan da ya kalla yana yaro na marigayi Shehu Idris ne, wanda ya hau a 1975 ya yi shekara 45 a kan gado. Ya nuna musu yadda ake jafi: a taho a guje a jere, a ja linzami daf da Sarki, a ɗaga hannu a jinjina.

Suka koma bakin zaure suka jeru. Bokiti ya ɗauka, suka taho a sukwane ƙura na tashi, suka yi turjiya a gaban Hajiya suka ɗaga hannu, "Ranka ya daɗe!" Hajiya ta ɗaga nata a hankali ba ta ko murmusa ba, dogari ya daka tsawa, "Sarki ya gaishe ku!" Auta ta taho ita kaɗai a baya tana jan dokinta ta wutsiya, ta wuce Sarki ta faɗa cinyata. Sun yi jafin nan ya fi sau goma. Babban, wanda ɗazu ko magana ba ya yi, shi ne ya shaƙe don ihu. Ni ina zaune a kan turmi ina raba zoɓo, ba abin da ke jirana a wuta.

Ana cikin haka wayar maigidan ta yi ƙara. Goggo ce, yayar marigayi Baba da ke cikin birni, ta ce ta zuba ido tun safe ba ta ga kowa ba, ko an girma ne yanzu. Ashe saƙon da aka ba wani ya isar mata bai isa ba. Maganar ta dame ni ƙwarai, don tana da gaskiya, tsohuwa irinta da ƙafa ya kamata a je a gaya mata tun farko. Na karɓi wayar na ba ta haƙuri, na ce ita ce farkon wadda za mu zo wa.

Bayan magariba baƙin Hajiya suka ɗan shigo, mutum biyu uku, suka gaishe ta suka tafi. Da aka yi isha'i yara suka baje kuɗinsu a tabarma suna ƙirgawa. 'Yata ta lura bai kai na bara ba, tun da ba a zaga gidaje ba, ta faɗa kuma ba ta ɓoye ba. Ta ninke nata ta tura a asusu, sannan ta matsa jikin Hajiya ta ce a yi musu tatsuniya. Hajiya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Suka amsa, "Ta zo mu ji ta." Ta kama ta Gizo da Ƙoƙi, ba ta kai ƙurunƙus ba uku sun yi barci, muka kwashe su ɗaya-ɗaya zuwa ɗaki.

Washegari da hantsi muka shiga birni gidan Goggo da kular waina sabuwar suya. Ta ɗan juya mana baya a gaisuwar farko, na durƙusa na sake ba ta haƙuri. Da ta ga azahar ta yi ba mu miƙe ba, har na cire mayafi na shiga madafa na taya jikarta tuƙa tuwo, sai ta saki. Ta sa aka buɗe tsohuwar akwatinta ta fito da hotunan Baba yana saurayi, waɗanda maigidan kansa bai taɓa gani ba, yara suka kewaye ta tana nuna musu wane ne wane. Mai shekara shidan ya zo da dokinsa na kara, don ya ƙi yarda a bar shi a gida, kunne ɗaya ya karye a cikin keke. Goggo ta ce ya nuna mata abin da aka yi jiya ba ta nan. Ya koma bakin ƙofa ya taho a guje ya yi turjiya a gaban gadonta ya jinjina, ta ɗaga masa hannu ta ce ya sake. Sai bayan la'asar ta sallame mu, da ƙullin dublan a hannun kowane yaro.